Wane kart mer ne Toyota? Tambayoyi da amsoshi daga teburin mai gyaran kwamfuta a Damagaram

Na daɗe ina gyaran kwamfuta a nan Damagaram, kuma tambayar da ta fi dawo mini ita ce: "Malam, a cikinsu wanne ne Toyota?" Mutum zai tsaya gaban kwalaye uku, sunayen da ke jiki ba su gaya masa komai ba, amma mota kam ya san ta ko da bai taɓa mallakar taya ba. Ya hau Hilux zuwa Tanut, ya taɓa kwana a hanyar Gure don wata mota ta ƙi tashi. Shi ya sa da mota muke auna kaya. Na tattara tambayoyin da ake yi mini a shago da wajen shayi, na amsa su yadda na saba amsawa da baki. Kwatancen motocin ra'ayina ne, wani mai gyara yana iya musa mini.

Shi kart mer ɗin mene ne, kuma a mota wane ɓangare ne?

In ka buɗe murfin kwamfutar tebur, babban allon nan da komai yake kafe a kansa shi ne. Mu nan da faransanci ya shige mana baki muna cewa kart mer, ƴan'uwanmu na Kano su ce madabod, ma'anar dai ɗaya ce, uwar allo.

Ba shi ne inji ba. Injin kwamfuta furosesa ne, kuma kamfani biyu ne suke ƙera shi don irin kwamfutocin da muke haɗawa, Intel da AMD. Kart mer shasi ne haɗe da wayarin da hanyoyin mai: shi yake ɗauke da inji, shi yake kai masa wuta, shi yake haɗa shi da ram, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta take aiki a kanta, da faifan ajiya da sauran kaya. Tun daga nan kwatancen ya fara ɗingishi. Toyota ita ke ƙera injinta da shasinta, amma ASUS ko MSI ba sa ƙera inji, shasi suke yi bisa awon da Intel ko AMD suka ba su. Hatta cipset, ƙaramin guntun da ke rarraba aiki a kan allon, daga wajen waɗancan biyun yake zuwa. Allo biyu na kamfani daban masu cipset ɗaya sun fi kama da juna nesa ba kusa ba a kan yadda Corolla take kama da Peugeot.

To duk da haka, faɗa mana: wane ne Toyota, wane ne wane?

Tunda kun matsa. Manyan gidajen huɗu ne, kuma dukkansu ƴan Taiwan ne: ASUS, Gigabyte, MSI da ASRock.

ASUS nake ba Toyota. An kafa shi a 1989, injiniyoyin da suka fito daga kamfanin Acer ne suka haɗa kai. Dalilina ba wai ba ya lalacewa ba ne. Ko'ina ka je za ka same shi, kowane mai gyara ya san halinsa, kuma in ka ɗaga shi za ka sayar ba a ja maka rai. Haka Toyota take a garin nan. Sannan gidan faɗi gare shi: akwai jerin Prime na talaka, akwai TUF na tsakiya, akwai ROG da suka fito da shi a 2006 don masu wasannin kwamfuta da masu kuɗi. ROG shi ne Lexus ɗinsu, kuma kamar Lexus, wani kaso na kuɗin da za ka biya kuɗin suna ne.

Gigabyte, wanda aka kafa a 1986, Nissan nake ce masa, irin Patrol ɗin nan mai nauyin jiki. Sun yi suna da abu biyu. Na farko bayos, wato ƴar manhajar da ke tayar da kwamfuta in an kunna ta, guda biyu a allo ɗaya, suna kiransa DualBIOS: in na farkon ya lalace, na biyun ya tashe shi. Safaya ke nan a bayan mota. Ba kowane allonsu na yanzu ne yake da shi ba, sai ka duba. Na biyu, suna cikin waɗanda suka fara cika allo da kondansater, ƴan gwangwanayen da ke riƙe wuta, masu ƙarfi a jerinsu na Ultra Durable, lokacin da masana'antar take fama da wata cuta da zan zo kanta. Na manyansu shi ne Aorus.

MSI ma ɗan 1986 ne. Honda nake ba shi: ba hayaniya, injiniyanci mai tsabta, kuma a tsakiyar farashi yake nuna kansa. Allunansa na Tomahawk, musamman masu cipset ɗin AMD mai suna B450, sun sami yabo a wajen masu haɗa kwamfuta a duniya don sun ba da fiye da kuɗinsu.

Bayan manyan huɗun akwai wasu: Biostar ƙaramar Suzuki ce, ta kai ka kasuwa ta dawo da kai, kada dai ka ɗora mata buhun gero ashirin. Supermicro na Amurka, da aka kafa a 1993, ba motar gida ba ce sam, tirela ce. Alluna yake yi don manyan na'urorin da ke aiki dare da rana a bankuna da kamfanonin sadarwa.

Wani bakanike abokin shayina, da na gama jero masa wannan, dariya ya yi ya ce: "Malam, kai ma ka faɗa ramin da masu mota suke faɗawa. Starlet Toyota ce, Land Cruiser ma Toyota ce. Ka shiga Tenere da Starlet ka gani." Gaskiyarsa. Allon ASUS mafi arha ba ya kama ƙafar allon ASRock na tsakiya, ko da tambarin farkon ya fi ƙyalli a idon mai saye.

ASRock fa? An ce na talakawa ne, wai ma kwaikwayon ASUS ne.

Ba kwaikwayo ba ne, ɗan gida ne. Daga cikin ASUS aka cire shi a 2002 don ya riƙa fafatawa a kasuwar kayan arha, daga baya ya koma ƙarƙashin Pegatron, wanda shi ma daga ASUS ya fito. A shekarunsa na farko arha kawai aka san shi da ita, shi ya sa tsofaffin masu gyara har yau suke yatsina fuska. Amma yaron ya girma. Jerinsa na Taichi da Steel Legend suna zama tabarma ɗaya da manya. Kia da Hyundai nake tunawa da su: da can in ka sayi motar Koriya sai a ce kuɗinka ne bai kai ba, yanzu kuwa Alhazai na hawanta zuwa ɗaurin aure.

Ina da tsohon allo da aka rubuta Intel a jikinsa. Ba ka ce Intel inji kawai yake yi ba?

Da yana yin alluna da sunansa. A watan Janairun 2013 ya sanar zai bar wannan sana'a a hankali cikin shekara uku, ya kuma bari. Allunan nan ba su da kwalliya, bayos ɗinsu ba ya ba ka damar wasa da komai, amma suna da haƙuri.

Peugeot 504 ke nan. Ta fito a 1968, a Turai an daina ƙera irinta ta ɗaukar mutane tun 1983, amma masana'antar Kaduna ta ci gaba da haɗa ta sama da shekara ashirin bayan nan, kuma duk wanda ya girma tsakanin Damagaram da Kano ya san abin da ta ɗauka. In naka yana aiki, riƙe shi, ka yi masa shara, ka ci moriyarsa. Abin da ba zan ba ka shawara ba shi ne ka zuba kuɗi kana neman wani irinsa don gina sabuwar kwamfuta. Ko na ƙarshe da suka yi ya haura shekara goma.

Mu fa yawancinmu HP da Dell ƴan gwanjo muke saye. Su a ina suke a wannan lissafi?

Nan ne ainihin kasuwarmu, sauran duk hira ce. Kwamfutocin da suka cika ofisoshi da makarantu da shagunan buga takarda a garin nan, mafi yawansu HP ne, Dell, ko Lenovo da suka gama aikin ofis a Turai ko Amurka, suka biyo jirgin ruwa, suka iso mana ta Kwatano ko ta Legas da Kano. Hanyar da motocinmu suke bi, ita suke bi.

Motocin ma'aikata ne. An ƙera su don a kunna da safe a kashe da yamma shekara da shekaru ba tare da an kira kowa ba, kuma jerin ofis irin su OptiPlex da EliteDesk da ThinkCentre suna cika wannan alkawari. Akwai wata Hajiya mai shagon buga takardu kusa da jami'a, ɗalibai ke layi a wajenta lokacin rubuta kundin kammala karatu. Tsohuwar HP ɗinta ta ga yaye ɗalibai ban san adadi ba, abin da na taɓa canza mata bai wuce faifan ajiya da fanka ba. Duk sanda na ce mata, "Hajiya, lokacin sabuwa ya yi," sai ta ce, "Ɗana, wadda ba ta yi mini laifi ba, a kan me zan sake ta?"

Inda gizo ke saƙar shi ne piyes, wato kayan gyara. Allon da ake sayarwa a kwali yana bin awo ɗaya da Intel ya fitar a 1995, ana ce masa ATX: tsawo da faɗi milimita 305 da 244, ƙaninsa microATX 244 da 244, kuma wutarsu tana shiga ta soket mai fil 24. Kowane akwatin wuta, wato wanda ke karɓar wutar bango ya ba allo, yana shiga kowane allo. Su kuwa waɗannan na ofis, da yawansu sun yi gaban kansu: fil 6 ko 8 maimakon 24, ramukan kusa a wani wuri daban, wayar makunni ta daban. In allon ya mutu, ba za ka cusa na ASUS a gurbinsa cikin sauƙi ba, sai ka nemo ɗan'uwansa sak. Don haka in za ka sayi ƴar gwanjo, sayi irin wadda ta cika gari. Wadda kake gani a kowane shago, gawarta ma tana kowane shago, kuma a jikin gawa muke ciro piyes.

Ƙarin abu ɗaya. Microsoft ya daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma Windows 11 a hukumance, in furosesan na Intel ne, yana neman na zuriya ta 8 zuwa sama, tare da guntun tsaro TPM 2.0. Yawancin ƴan gwanjon da ke yawo na zuriya ta 2 zuwa ta 6 ne. Za su ci gaba da aiki, amma ka san abin da ka saya kafin ka biya kuɗin sabuwa a kan tsohuwa.

Na ga wasu allunan Sin a intanet, X79 da X99, arha kamar kyauta, har da furosesa da ram. In saya?

Ka san motar da bakanike ya haɗa: shasi sabo, inji daga wata mota da ta yi hatsari, giya daga wata? Su ke nan. Kamfanoni irin su Huananzhi da Machinist suna buga sabon allo, su ɗora masa cipset ɗin da galibi daga tsofaffin na'urori aka ciro shi, a haɗa da furosesan Xeon da manyan kamfanoni suka gama aiki da shi. Ba yaudara ba ce in an gaya maka, kuma wasu suna aiki lafiya, ƙarfin da za ka samu a kan kuɗin yana da ban mamaki. Amma suna shan wuta, suna zafi, yawanci sai ka ƙara katin hoto don Xeon ɗin ba shi da nasa, kuma in abu ya ɓaci babu ƙofar da za ka ƙwanƙwasa. Ga ɗalibin da ke son ya koyi haɗawa da kwancewa, madalla. Ga wanda abincin gidansa yake kan kwamfutar, a'a. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

In sunan kamfani bai isa ba, me zan duba?

Fara da harafin cipset, shi ne ajin motar. A wajen Intel, H na ƙasa irin H61, H81, H110 da H610 shi ne motar shiga gari. B shi ne na tsakiya, kuma shi ya fi dacewa da yawancin mutane. Z na masu son matsa wa inji ya wuce gudun da aka yanka masa. A wajen AMD, A ne ƙasa, B tsakiya, X sama.

Sai soket, wato mazaunin furosesa. Injin Hilux ba ya hawa shasin Corolla. H61 na soket LGA1155 ne, yana ɗaukar zuriya ta 2 da ta 3. H81 na LGA1150 ne, zuriya ta 4. Lambobin sun yi kusa, fil biyar ne bambancin, amma ba sa shiga juna, kuma na sha ganin wanda ya yo saƙo daga Kano ya zo da allo da furosesa da ba su san juna ba. Intel yana yawan canza soket, kusan kowace zuriya biyu. AMD kuwa ya riƙe AM4 tun 2016 shekaru masu yawa, har mai allon B450 yana iya sabunta bayos ya ɗora furosesan Ryzen 5000. A nan AMD ya yi halin Land Cruiser ƴar daji, wadda jikinta bai cika canzawa ba. Ram ma haka: DDR3, DDR4 da DDR5 kowanne da tsagarsa, kuma sabon soket AM5 na 2022 DDR5 kaɗai yake karɓa.

Abu na uku shi ne wanda ba a rubutawa da manyan haruffa a kwali, kuma ni shi nake fara kallo. Dubi kewayen soket, za ka ga jerin ƴan dunƙulallun abubuwa masu kusurwa huɗu da ƙananan baƙaƙen guntaye. Aikinsu su karɓi bolt 12 daga akwatin wuta su sauke shi zuwa bolt ɗaya da ɗan wani abu da furosesa yake sha. Nan ne allo yake gumi. A allo mai kyau suna da yawa, an kuma rufe su da ƙarfen shan zafi. A allo mai arha ƴan kaɗan ne, tsirara. Ƙaramin furosesa ba zai dame su ba, amma ka ɗora musu babba a watan Afrilu a Damagaram, kamar ka ɗaura tirela a bayan Starlet ne.

An taɓa samun lokacin da duk kamfanonin suka lalace tare?

An taɓa, kuma wannan ne ya hana ni rantsuwa da kowane tambari. Daga wajen 1999 zuwa 2007, kondansater, ƴan gwangwanayen nan da ke tsaye a kan allo, sun riƙa kumbura suna tsiyaya tun kwanansu bai kai ba, saboda ruwan sinadarin da wasu masana'antu suka zuba musu gurɓatacce ne. Manya da ƙanana duk sun sha, har da kamfanonin kwamfutocin ofis, don a kasuwa ɗaya suke sayen gwangwanayen. A Janairun 2011 kuma Intel ya sanar da aibi a cipset ɗinsa na jeri na 6, wanda yake sa wasu mashigan faifan ajiya su raunana a hankali. Duk wanda ya gina allo a kansa sai da ya janye kayansa, aka sake fitowa da gyararre mai alamar B3. A 2023 an ga wasu furosesan Ryzen 7000X3D suna ƙonewa a cikin soket saboda wutar da allo yake ba su ta yi yawa, sai da AMD ya ƙayyade ta a bolt 1.3 ta hanyar sabon bayos.

Masu mota ma sun ga irinta. Jakar iskar kariya ta kamfanin Takata ta shiga motocin Honda, Toyota, BMW, Ford da wasu da dama, aka janye miliyoyin motoci, kamfanin ya karye a 2017. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Kai da kake buɗe su kullum, me ya fi kashe allo a garin nan?

Wuta, ƙura, zafi. A jere haka.

Wani Alhaji mai fataucin wake ya aiko mini ɗansa da kwamfutar da yaron ya haɗa da kansa. Ba zan faɗi sunan kamfanin allon ba, don ba laifinsu ba ne. Allo ne na manya, mai fitilu kala-kala, daga Dubai aka yo saƙonsa. Ina kwance kusoshin murfi warin ƙuna ya buge ni. Na ɗaga akwatin wutar da hannu ɗaya, sai na ji shi sakayau kamar gwangwanin madara da aka shanye, ba suna, ba komai, sai wata lamba mai ƙarya da aka manna a gefe. Na ce, "Ƙanena, wannan nawa ka saye shi?" Ya sunkuyar da kai ya ce kuɗin ne suka ƙare a kan allo da katin hoto. An ɗauke wuta, an maido ta da ƙarfi, akwatin ya buɗe ƙofa ya bar ta ta wuce, ta tafi da allon da faifan ajiya. Da Alhaji ya zo da kansa, tambayarsa ɗaya: "Malam, ba an ce wannan ne Lexus ɗin ba?" Na ce, "Shi ne, Alhaji. Man bakin hanya aka zuba mata, wanda aka sirka da kananzir."

Wutarmu bolt 220 ce a takarda. A zahiri tana hawa tana sauka, balle in an koma kan janareto. Kafin ka ƙara jaka ɗaya a kan allo, ka tabbata akwatin wutarka na kirki ne, mai nauyi a hannu, mai sunan da za a iya bincika. Sannan ka sa regilater, in da hali anduler, mai batirin da zai riƙe ka ƴan mintoci ka kashe kwamfuta cikin mutunci. In kana taɓa jikin kwamfutarka kana jin tana ɗan cizonka, gidanka ba shi da wayar ƙasa, kira mai wayarin. Da damina kuma, in hadari ya haɗu ana walƙiya, zare filogi daga bango, ka zare wayar intanet ma, don tsawa tana bin ta nan.

Ƙura kuwa, duk wanda ya yi hunturu a nan ba sai an ba shi labari ba. Tana taruwa tsakanin fanka da ƙarfen shan zafi har ta zama kamar hular dara, ka ɗago ta guda. Fanka na juyawa, iska ba ta wucewa. Bayan kowane hunturu a fitar da kwamfuta waje a hure ta, a riƙe fanka da yatsa kada iskar ta juya ta fiye da ƙima. Kada a ajiye ta a ƙasa, ɗora ta kan tebur.

Zafi shi yake cin allo a ɓoye. Masu ilimin lantarki suna da ƙa'ida: kondansater mai ruwa, duk ƙarin digiri 10 na zafi yana raba kwanansa biyu. Allon da aka gwada a ɗaki mai sanyi a Taiwan, mu muna kunna shi a shagon kwano a watan Mayu, waje ya haura digiri 40. Shi ya sa allo ɗaya zai yi shekara goma a ofis mai na'urar sanyi, ɗan'uwansa ya gaji a rabin haka a bakin Kasuwar Dole.

Allo mai tsada yana ƙara wa kwamfuta gudu?

Kusan a'a. Furosesa ɗaya a kan allo mai arha da mai tsada gudunsa ɗaya ne, muddin mai arhar yana iya ba shi wutar da yake nema. Tsadar tana saya maka yawan mashigai, wurin ƙara kaya, sauti mai kyau, da juriya. In gudu kake so a tsohuwar kwamfuta, cire faifan nan mai juyawa ka sa SSD, faifan ajiya mai sauri da ba ya juyawa, ka ƙara ram. Za ka rantse sabuwa aka ba ka.

Garanti fa? Na ga an rubuta shekara uku a kwali.

An rubuta, amma ga wanda ya saya a hannun dillalin kamfani a ƙasar da suke da ofis. Kai da kayanka ya bi hannu huɗu kafin ya iso Damagaram, garantinka shi ne mutumin da ya miƙa maka. Ku yi magana a fili kafin kuɗi su fita: kwana nawa ya ba ka na gwaji, in ya ƙi aiki canji ne ko maido kuɗi. A rubuta lambar allon a jikin rasit.

A kwamfutar hannu ma haka lissafin yake?

A'a. A can ba ka zaɓen allo, abin da ke ciki shi ne rabonka. Galibi ma ba mai tambarin ne ya ƙera shi ba, wasu kamfanonin Taiwan ne irin su Quanta, Compal da Wistron suke yi wa kowa aiki. Ajin kwamfutar za ka duba: na ofis irin ThinkPad, Latitude da EliteBook sun fi na kanti ƙarfin jiki da sauƙin samun piyes.

Kwamfutata kullum sai ta manta kwanan wata. Allon ne ya mutu?

Bai mutu ba. Akwai ɗan batiri zagayayye kamar kwabo a kan allon, CR2032, bolt 3. Shi ya ƙare. Masu gyaran agogo ma suna sayar da shi. Kada wani ya karɓi kuɗin allo a hannunka a kan wannan.

Zan sayi allo na hannu gobe. Yaya zan duba shi kafin in biya?

Kada ka yi cinikin biri a sama, a kunna shi a gabanka. Amma kafin a kunna, ɗauke shi zuwa bakin ƙofa inda akwai hasken rana. Sansana shi, ƙuna ba ta ɓuya. Dubi kawunan kondansater: su kasance a shafe, wanda ya yi tozo ko ya fitar da wani abu ruwan ƙasa ya gama. Juya bayansa, in ka ga wuri ya yi duhu ko dalma sabuwa mai ƙyalli, an taɓa aiki a wurin, ka tambaya.

Sai soket. A allunan Intel da na AM5, fil ɗin a jikin allo suke, sirara kamar gashi, sama da dubu. Karkata allon a haske: in duk lafiya za ka ga sun kwanta bai ɗaya kamar gonar gero da iska ta bi, wanda ya lanƙwashe zai yi ƙyalli shi kaɗai. Ina yaron shago na taɓa sakin furosesa daga hannuna ya faɗa cikin soket ta kusurwa. Maigidana bai daka mini tsawa ba. Allura ya miƙo mini da gilashin ƙara girma ya ce, "Zauna, kai da abincin rana sai sun miƙe." Fil huɗu ne, sai da la'asar ta yi na gama, kuma tun ranar ban sake buɗe soket ina magana da wani ba.

In an kunna, a gwada kowane ramin ram ɗaya bayan ɗaya, don sau da yawa ɗaya ne yake mutuwa a bar shi shiru. Soka filas a kowane mashigin USB, na gaba da na baya. Gwada sauti da mashigin intanet. A kashe a kunna sau uku ko huɗu, har da zare waya daga bango. A bar shi yana aiki rabin awa, ka sha shayi, ka ga ko zai kashe kansa in ya ɗau zafi.

Kuma ka karɓi farantin ƙarfen nan na baya da ke rufe kewayen mashigai. Masu sayarwa suna yawan cewa ya ɓace, masu saye kuma su ce ba komai. Ta wannan ramin ƙura take shiga, ba ita kaɗai ba ma. Bara na ciro busasshiyar tsaka a bayan allon wani malamin makaranta, ta kwanta daidai kan layukan wuta, ita ta tafi, allon ma ya bi ta.